Sabar da ke kan CentOS 7 ta zama marainiya: yadda ake gane ta da yadda ake yi mata ƙaura

Duk mai riƙe da wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, yana yawo da Linux a aljihunsa ko bai sani ba, domin a kan ƙwayar Linux aka gina Android. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta wannan ƙwaya a 1991, ya kuma bar lambobinta a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Yau ita ke riƙe da mafi yawan kwamfutocin da ake kira uwar garke ko saba, wato waɗanda ba a kashe su, suna zaune a wani ɗaki suna amsa buƙatun jama'a. Idan ɗalibi ya buɗe shafin makarantarsa a waya don duba sakamako ko biyan kuɗin rajista, wata saba ce a wani wuri take ba shi amsa.

Kazaure ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Tun 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa makarantar fasahar sadarwa da kowa ya fi sani da Informatics. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Matasan da suka ratsa waɗannan makarantu, da waɗanda suka koya da kansu a waya, su ne ke kama aiki a cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da makarantun kuɗi da asibitoci da ofisoshi, daga Kazaure har Roni da Gwiwa. Abin da yakan faru shi ne a nuna wa sabon ma'aikaci wata kwamfuta a lungu, ƙura ta rufe ta, a ce masa: wannan ita ce sabar, wanda ya haɗa ta ya bar aiki, kada a taɓa ta tunda tana aiki. Idan kwamfutar nan an haɗa ta tsakanin 2014 da 2020, akwai yiwuwar CentOS 7 ce a cikinta. In kuwa haka ne, akwai matsala, ko da komai yana tafiya daidai a ido.

Yadda aka kai ga maraicin

Red Hat kamfani ne na Amurka da ke sayar da wani nau'in Linux na manyan ma'aikatu mai suna Red Hat Enterprise Linux, a taƙaice RHEL. Abin da ake biya a wurinsu shi ne kulawa: idan aka gano wata ɓaraka ta tsaro, za su toshe ta su turo gyara, kuma sukan yi haka har tsawon shekara 10 a kan kowane babban fitowa. Tunda lambobin a buɗe suke, sai wasu 'yan sa-kai suka riƙa ɗaukarsu suna cire tambarin kamfanin, suna sake haɗawa su bayar kyauta da sunan CentOS, tun 2004. Wanda ba shi da dalar biyan Red Hat sai ya samu kusan abu ɗaya ba ko sisi. Shi ya sa CentOS ta cika sabobin makarantu da ƙananan kamfanoni da masu ba da hayar shafin intanet a duniya.

A 2014 CentOS ta koma ƙarƙashin inuwar Red Hat, a 2019 kuma IBM ta sayi Red Hat kan dala biliyan 34. Sai ranar 8 ga Disamba 2020 aka wayi gari da sanarwar cewa CentOS 8, wadda aka sa ran za ta kai 2029, za a daina kula da ita a ƙarshen 2021. Aka ce hankali zai koma kan CentOS Stream, wadda ke tafiya a gaban RHEL ana gwada sababbin gyare-gyare a cikinta, maimakon ta biyo bayanta. Ita CentOS 7 an bar ta ta cika wa'adinta, ta kuma cika shi ranar 30 ga Yuni 2024. Daga wannan rana babu wani gyaran tsaro da ke fitowa dominta daga masu ita.

Masu kula da sabobi ba su zauna ba. Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa CentOS tun farko, ya fito da Rocky Linux, ya sa mata sunan abokin aikinsa marigayi Rocky McGaugh. Kamfanin CloudLinux kuma ya fito da AlmaLinux a watan Maris 2021, ya miƙa ta ga wata gidauniya da ba ta neman riba. A watan Yuni 2023 Red Hat ta sake taƙaita hanyar samun lambobin RHEL, aka yi ta cacar baki. AlmaLinux ta ce daga yanzu ba za ta nace sai ta zama kwafi harafi da harafi ba, za ta dai tabbatar duk manhajar da ke aiki a RHEL tana aiki a kanta. Kamfanonin CIQ da Oracle da SUSE kuwa suka haɗu suka kafa ƙungiyar OpenELA don ci gaba da samar da lambobin. Ga mai saba ɗaya a makarantar sakandare a Kazaure, duk wannan rigimar manya ce. Rocky da AlmaLinux suna nan, kyauta ne, kuma gyaran tsaro na zuwa musu.

A fara da tambayar sabar ko ita wace ce

Umarni ɗaya ya isa. A buɗe baƙin allon rubuta umarni, wato taminal, a rubuta:

cat /etc/os-release

Idan aka ga CentOS Linux 7, ko CentOS Linux 8, ko CentOS Stream 8 wadda ita ma ta ƙare a watan Mayu 2024, to marainiya ce.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a daɗe a kansa. Tun farkon Yulin 2024, wanda ya rubuta yum update a CentOS 7 zai ga kuskure yana cewa ba a sami mirrorlist.centos.org ba, saboda an rufe wannan adireshi. Yawancin mutane sukan kwafi kuskuren su liƙa a Google, sai su tarar da amsa mai sauƙi: a canza adireshin zuwa vault.centos.org. Da an canza, kuskuren ya ɓace, yum ya koma aiki, har ya ce babu sauran abin sabuntawa. Mutum ya yi ajiyar zuciya ya tafi gida. To amma vault ɗakin ajiyar tsofaffin kaya ne, abin da ke ciki ya tsaya cak a ranar da aka rufe shago. Cewar da yum ya yi babu abin sabuntawa gaskiya ce, amma dalilin shi ne babu mai rubuta gyaran kuma. Amfanin vault guda ɗaya ne: a sauko da kayan aikin da ake buƙata don shirin ƙaura.

Wani zai ce, da mugun rawa gara ƙin tashi, tunda shafin yana buɗewa a bar shi. Sai dai masu kutse ba sa zaɓar gari. Manhajoji suke saki suna bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa, ba ruwansu da sabar tana Landan ne ko Gwiwa. A watan Janairu 2022 an bayyana wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da PwnKit, wadda ke bai wa ƙaramin mai amfani damar zama root, wato mai cikakken iko da kwamfutar, kuma ta shekara fiye da goma a ɓoye cikin kusan kowane Linux. A lokacin CentOS 7 ta sami gyara saboda tana da rai. Irinta ta gaba ba za ta samu ba. Ga kuma doka: tun Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, har da sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Sunayen ɗalibai da hotunansu da lambobin wayar iyayensu duk suna cikin wannan.

Kafin a taɓa komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Matakin farko shi ne sanin abin da sabar ke yi, domin wanda ya haɗa ta da wuya ya bar rubutu. Umarnin ss -tlnp zai nuna ƙofofin da ke buɗe da manhajar da ke bayan kowace. Umarnin systemctl list-unit-files --state=enabled zai jero abubuwan da ke tashi da kansu idan an kunna kwamfutar. Sai crontab -l, wanda ke nuna ayyukan da aka tsara su riƙa gudana a kan lokaci, kuma shi aka fi mantawa da shi, sai bayan ƙaura a ga wani rahoto da ke fita kowane dare ya daina fita.

Daga nan sai kwafin ajiya. Rumbun bayanai ba a kwafe shi da jan fayil kamar hoto a waya, ana fitar da shi ne da umarni:

mysqldump -u root -p --databases makaranta > makaranta.sql

A nan makaranta misali ne, kowa ya sa sunan rumbunsa. Sai a kwashe /var/www da /etc da /home zuwa wata ma'adana ta waje da rsync -a. Kwafin da ke zaune a cikin kwamfutar da ake tsoron mutuwarta ba kwafi ba ne, wanda ba a taɓa gwada dawo da shi ba kuwa zato ne kawai. A ɗauki wata kwamfuta daban a loda shi a gani ko sunayen ɗalibai sun fito.

Wace za a zaɓa, kuma kwamfutar za ta ɗauka?

Nan ne abin ya shafi masu kwamfutocin hannu da ake sarowa daga Beirut Road a Kano. Kowane sabon fitowa yana ɗaga ma'aunin masarrafar da zai yarda da ita. Fitowa ta 9, ko RHEL ko Rocky ko AlmaLinux, ba ta hawa kan tsofaffi irin Core 2 Duo, tana buƙatar masarrafa mai SSE4.2. RHEL 10 da ta fito a watan Mayu 2025, da Rocky 10, sun ƙara ɗagawa, sai masarrafa mai AVX2, wanda a wajen Intel ya fara daga zuriya ta huɗu ta Core, ta 2013. Wasu Celeron da Pentium da suka fito bayan haka ma ba su da shi. AlmaLinux 10 ce ta yi wa masu tsofaffin kaya adalci, ta fitar da wani nau'i daban da ke aiki ba tare da AVX2 ba. Gane matsayin kwamfuta ba wuya:

grep -o -m1 avx2 /proc/cpuinfo

Idan kalmar ta fito, akwai shi. Idan allon ya yi shiru, babu.

Ga mafi yawan ƙananan sabobi a yankin nan, fitowa ta 9 ta fi dacewa. Ta daɗe a hannun mutane, amsoshin matsalolinta sun cika intanet, kuma kulawarta za ta kai 2032. Tsakanin Rocky da AlmaLinux ba abin da za a ɓata lokaci ana musu a kai, umarninsu ɗaya ne. Kuma don tausayin data, a sauko da nau'in da aka rubuta wa minimal, wanda bai wuce gigabait biyu da wani abu ba, maimakon babban na DVD da ya ninka shi sau da yawa. Mai son RHEL ɗin kanta don koyo yana iya yin rajistar masu haɓaka manhaja a shafin Red Hat kyauta, ta ba shi damar sa ta a kwamfuta har 16, amma rajistar ta mutum ɗaya ce, kuma duk shekara sai an sabunta.

Akwai hanya biyu ta ƙaura. AlmaLinux na da wani kayan aiki mai suna ELevate da ke ɗaga CentOS 7 zuwa fitowa ta 8 a inda take, daga 8 kuma a sake ɗagawa zuwa 9, ba a tsallake. Yana aiki, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, mutum na iya tashi babu tsohuwar babu sabuwar. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce a sami wata kwamfuta ko sabuwar ma'adana, a sa sabuwar babbar manhaja daga tushe, a dawo da bayanan, a gwada kwana biyu ko uku, sannan a kashe tsohuwar a ajiye ta gefe ba tare da an goge ta ba. Kuma kada a sa ranar ƙaura a makon rajista ko na fitar da sakamako.

Abin da zai karye

Ba Linux ɗin ce za ta ba da wahala ba, shafin ne. CentOS 7 ta zo da PHP 5.4 da MariaDB 5.5 da Python 2.7, ita kuwa fitowa ta 9 da PHP 8.0 take farawa. Shafukan makarantu da yawa da aka rubuta a wancan zamani suna haɗuwa da rumbun bayanai ta hanyar mysql_connect, kuma an cire wannan gaba ɗaya tun PHP 7. Da an ɗora irin wannan shafi a sabuwar saba, sai farin allo. A bincika tun da wuri:

grep -rl "mysql_connect" /var/www

Duk fayil ɗin da ya fito sai an sake rubuta shi da mysqli ko PDO. Aiki ne, amma irin aikin da ake biyan mutum a kansa, kuma dama ce ta toshe ƙofar da ake cusa umarnin SQL ta akwatin kalmar sirri, cutar da ta yi wa irin waɗannan tsofaffin shafuka katutu.

Na biyu shi ne SELinux, mai gadin da ke hana kowace manhaja taɓa fayil ɗin da ba nata ba. Bayan an kwaso fayiloli, sau da yawa shafin zai ƙi buɗewa yana cewa ba izini. Rabin amsoshin intanet za su ce a kashe SELinux. Wannan daidai yake da korar maigadi saboda ya tambayi katin shaida. Yawanci lakabin fayilolin ne bai daidaita ba, umarnin restorecon -Rv /var/www kan warware shi, ausearch -m avc -ts recent kuma ya nuna ainihin abin da aka hana.

Wuta, ƙura da agogo

Littattafan Red Hat an rubuta su ne da tunanin ɗakin saba mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Wanda ke ƙarƙashin KEDCO ya san nasa labarin, kuma ba a manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Sola da inbata sun taimaka, amma batir na ƙarewa cikin dare. Abin da ake so shi ne sabar ta kashe kanta cikin tsari kafin batir ya mutu. Idan UPS ɗin na da ƙofar USB, manhajar NUT ko apcupsd, waɗanda ake samu a ma'ajiyar EPEL, za su iya jin batir ya yi ƙasa su ba da umarnin kashewa. A cikin BIOS kuma akwai wurin da ake cewa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, don kada sai wani ya taho daga Roni kan babur ya danna maɓalli ɗaya.

Don sanin abin da ya faru kafin sabar ta mutu, sai a ƙirƙiri wurin ajiye rahotanninta da mkdir -p /var/log/journal, domin idan babu shi journalctl na mantawa da komai da an sake kunnawa. Bayan haka journalctl -b -1 zai nuna rahoton tashin da ya gabata.

Wata ƙaramar matsala mai rikita sabon shiga ita ce batirin agogo, ɗan ƙaramin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke kan allon kwamfutar. Idan ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, dnf ya ƙi sauko da komai yana ƙorafin takardar shaidar tsaro, mutum ya yi ta zargin kamfanin layinsa. A duba da timedatectl, a canza batirin, a tabbatar chronyd na aiki. Lokacin hunturu kuma a buɗe akwatin a hure ƙura, a duba lafiyar ma'adana da smartctl -a /dev/sda.

Daga waya

Duk wannan kulawa ana iya yin mafi yawanta daga wayar hannu. A sauko da Termux daga F-Droid ko shafinsu na GitHub, a rubuta pkg install openssh, sannan ssh-keygen -t ed25519 don ƙirƙirar mabuɗi, sai ssh-copy-id ya kai shi sabar. Daga fitowa ta 9 ba a barin root ya shiga daga nesa da kalmar sirri sai in an canza tsarin da gangan, kuma bai kamata a canza ba. A buɗe asusu na daban a riƙa amfani da sudo.

Mai aiki daga ƙauyukan Gwiwa ko Roni, inda sabis ke zuwa yana tafiya, dole ya san tmux. Idan mutum na tsakiyar dnf update ta waya sai layi ya yanke, aikin na iya tsayawa rabi da rabi, wasu fayilolin sababbi wasu tsofaffi. Amma idan ya fara da tmux new -s aiki kafin ya ba da umarnin, aikin zai ci gaba a can cikin sabar ko wayar ta mutu, in ya dawo ya rubuta tmux attach -t aiki ya tarar da allonsa yadda ya bar shi. Wanda baƙin allo ke ba shi tsoro kuma akwai Cockpit, ana kunna shi da systemctl enable --now cockpit.socket, a buɗe adireshin sabar a burauzar waya ta ƙofa 9090, a ga zafin aiki da sauran wuri a ma'adana da gyare-gyaren da ke jira. Sai dai kada a buɗe wannan ƙofa ga duniya. Sabar da ke bayan ƙaramin rauta mai layin waya yawanci ma ba ta da adireshin da za a same ta daga waje, don haka masu irin wannan kan haɗa waya da saba ta WireGuard ko Tailscale.

Wanda ba shi da saba ko kaɗan ma zai iya fara koyo. A cikin Termux, pkg install proot-distro na ba da damar sa ƙaramin Linux kamar Debian ko Ubuntu a waya don koyon umarni da izinin fayiloli, duk da cewa systemctl ba ya aiki a ciki. Sauran sai a kan kwamfuta ta gaske, ko da tsohuwa ce. Jarrabawar RHCSA ta Red Hat, wadda ma'aikatu ke mutuntawa, babu zaɓi ɗaya cikin huɗu a cikinta, kwamfuta ake ba mutum a ce ya gyara.

Ranakun da ke tafe: CentOS Stream 9 za ta ƙare a ƙarshen Mayu 2027, Rocky 8 da AlmaLinux 8 a 2029, fitowa ta 9 a 2032. Bayan an gama ƙaura, a rubuta sunan babbar manhajar da shekarar ƙarewarta da inda kwafin ajiya yake a takarda, a manna a jikin akwatin sabar, kalmar sirri kuma a miƙa ta ga shugaban wurin a cikin rufaffen ambulan.